"Bincike ya nuna": wane bincike, a wane gari, a kan su wa?

Bara da damina aka tara mu a harabar wata makaranta a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, domin jin bayani kan gidan sauro. An jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, sarkin zango da limamai a gaba, mata a gefe guda, mu sauran muna tsaye a baya. Wani matashin jami'in lafiya ya zo da kwamfuta da majigi, yana magana tafinta yana juyawa zuwa Hausa, kuma kusan kowace jimla sai ya buɗe ta da "bincike ya nuna". Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana dillancin goro a Kumasi ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Yarona, Allah ya yi maka albarka. Wannan bincike da kake ta ambata, wa ya yi shi? A wane gari? Mutanen da aka yi shi a kansu, irin ɗakinmu suke kwana, mutum shida a ɗaki ɗaya da zafin Ankara?"

"Baba, ai masana ne suka yi."

"To, ni ma na san ba mahauta ba ne."

Aka fashe da dariya, yaron ya yi yaƙe, aka ci gaba da rabon gidan sauro.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar tana da amsa, amsa mai kyau ma, kuma a ƙasar nan take. A yankin Navrongo da ke arewacin Gana aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen gidan sauro mai magani a Afirka, ƙarƙashin jagorancin Fred Binka, aka buga sakamakon a 1996: mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin ɗari a inda aka raba gidan sauron. Da jami'in ya san haka, sai ya ce, "Baba, 'yan ƙasar nan ne suka yi, a ƙauyukan Kasena da Nankana, kuma gaskiyarka, ɗakinsu ba irin namu ba ne, sauron can ma ya fi na nan yawa, sai mu zauna mu ga yadda za a ɗaura shi a namu ɗakin." Da dattijon ya koma gida da abin riƙewa. Hujja tana nan, wanda aka aiko da ita ne bai san asalinta ba, bai kuma san iyakarta ba.

Wannan giɓin shi ne abin da nake so mu duba, domin daga rumfar Nima har teburin minista iri ɗaya ne. Gana ba ta rasa bincike ba. Hukumar Lafiya ta Gana tana da cibiyoyin bincike uku, a Navrongo da Kintampo da Dodowa. Ga cibiyar Noguchi a Legon tun 1979, ga cibiyar bincike ta KCCR a jami'ar KNUST a Kumasi. Akwai kuma babban binciken lafiyar iyali da ake maimaitawa tun 1988, wanda ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 155 cikin kowane 1,000 zuwa 40 a 2022. Kaya suna nan jibge. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dillali, mutumin da ya san kaya, ya san mai saye, ya san farashi, kuma idan goro ya yi tsutsa zai faɗa.

Mu da muka tashi a makarantar allo da zauren malamai, gwanintar farko da wannan dillali yake buƙata ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗalibin hadisi ba ya karɓar magana don an ce "ya zo a hadisi". Yana tambayar wa ya ruwaito, daga wa, mai riƙon amana ne, haddarsa tana da ƙarfi, akwai wata hanya da ta ƙarfafa wannan. Daga nan yake cewa wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne. Binciken lafiya ma haka yake da daraja-daraja. Likita ya ce "na ba marasa lafiya goma wannan magani sun warke" labari ne, mai yiwuwa da sun warke ko ba a ba su komai ba. A bi mutane dubu a ga masu cin kaza sun fi lafiya, wannan ya fi ƙarfi, amma wataƙila masu cin kazan su ne masu kuɗi, kuɗin ne ke aiki. Mafi ƙarfi shi ne a jefa ƙuri'a: waɗannan ƙauyuka a ba su, waɗancan a dakata, ƙuri'a ce ta raba su ba son ran kowa ba, sannan a ƙirga abin da ya biyo baya. Idan aka sami irin wannan gwaji a wurare da yawa suna faɗin abu ɗaya, to magana ta zauna.

Labarin bitamin A ya isa darasi a nan. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 an yi gwaji irin na ƙuri'a a yankin Navrongo, aka ga ba yara bitamin A ya rage mutuwarsu da kashi 19 cikin ɗari. An buga shi a 1993, kuma yana cikin dalilan da suka sa har yau nas take matsa wa yaro ɗan ƙwanson nan a baki a wurin awo. Bayan 'yan shekaru wani bincike a Nepal ya nuna ba mata bitamin A ya rage mutuwa wajen ciki da haihuwa da kusan kashi 40. Ka sa kanka a kujerar mai yanke hukunci. Magani mai arha, ya riga ya yi aiki ga yara a ƙasarka, ga wata ƙasa ta ce yana ceton iyaye mata. Wa zai ga laifinka idan ka ce a fara rabawa gobe? Amma ba a yi haka ba. An gwada shi a yankin Kintampo a kan mata fiye da 200,000, shekara da shekaru, kuma da aka buga sakamakon a 2010 sai ga shi bai rage mutuwar mata ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa ba a ba masu ciki bitamin A da nufin hana mutuwa wajen haihuwa.

Wasu za su ce an yi asarar kuɗi da shekaru don a gano babu. Ni a ganina wannan "babu" tana cikin abubuwa mafi tsada da Kintampo ta ba ƙasar nan. Da an tafi a kan binciken Nepal, da yanzu akwai ofis da motoci da ma'aikata da kasafi na wani shiri da ba ya ceton kowa, kuma shiri idan ya yi ofis da mota, rufe shi sai an sha wuya. Kuɗin da nas ɗin da lokacin duk daga wani wuri za a ɗebe su, wataƙila daga jinin da za a ƙara wa mai haihuwa. Iya karɓar amsar da ba ka so, musamman idan ka riga ka yi alkawari a bainar jama'a, gwaninta ce da ba a koyar da ita a taron bita na kwana uku.

Sai karatun lamba. Duk wanda ya ce maka "kashi kaza cikin ɗari", tambaye shi kashi kaza na me. A ce wata cuta tana kama mutum biyu cikin dubu goma, magani ya mayar da su ɗaya. An rage rabi, kashi 50, lamba mai daɗin faɗa a rediyo, amma mutum ɗaya aka tsare a cikin dubu goma. A ce kuma wata cutar tana kama yara dubu uku cikin dubu goma, rigakafi ya rage kashi 30 kawai. Yara ɗari tara ke nan. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai bi lamba mai ƙyalli ya bar mai nauyi. Rigakafin maleriya na RTS,S ya faɗa cikin irin wannan muhawara. A babban gwajinsa, wanda Kintampo da Agogo suna cikin wuraren da aka yi shi, ya hana kimanin huɗu cikin goma na kamuwa da zazzaɓin a yaran da suka sami allura huɗu. Idan ka ajiye shi kusa da rigakafin ƙyanda sai ka raina shi. Amma maleriya tana kama yaro sau da yawa a shekara, saboda haka huɗu cikin goma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma wasu alamun shakku game da lafiyarsa da gwajin bai warware ba. Sai aka zaɓi hanyar tsakiya: a 2019 aka fara ba da shi a wasu gundumomi na Gana da Kenya da Malawi, ana sa ido ana ƙirgawa. A Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a faɗaɗa shi, daga baya kuma ƙididdiga ta nuna mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 a wuraren da aka ba da ita. Abin lura shi ne an tsara shirin ta yadda shi kansa zai samar da hujjar da ta rage. Mai mulkin da ya iya cewa "ba mu da tabbas, saboda haka mu fara da kaɗan mu ƙirga" ya fi mai cewa "mu jira" da mai cewa "mu yi duka" amfani.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai wata lamba da ba ta fito daga gwaji ba, kuma ita ce shugabannin lafiya na gunduma suke kallo kullum. Ina da 'yar'uwa nas. Na sha ganinta a ƙarshen wata, bayan sallar isha'i, ta baje manyan littattafan rajista a kan tabarma tana ƙirga layi-layi da bakin biro, masu zazzaɓi nawa, masu gudawa nawa, masu ciki nawa, domin a shigar da su cikin kwamfutar hukuma, tsarin da ake kira DHIMS2. Wata rana na ce mata, "Yaya, duk mai zazzaɓi a unguwar nan yana cikin littafin nan?" Ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi zazzaɓi watan jiya, wurina ka zo ko wurin mai kemis?" Ban ce komai ba. Littafin yana ƙirga wanda ya zo asibiti ne kaɗai. Wanda ya sayi magani a kemis, da wanda ya sha jiƙo, da wanda aka yi wa rubutu, da wanda ya mutu a gida aka yi masa sutura kafin la'asar, duk ba sa ciki. Idan lambar ta sauka, yana iya zama cuta ce ta ragu, yana iya zama kuma katin inshorar mutane ne ya ƙare, ko magani ya yanke a asibitin suka daina zuwa. Haka kuma lambar da ake rabawa da ita, wato yawan mutanen unguwa, hasashe ne daga ƙidayar 2021, alhali Nima da Mamobi da Sabon Zango wurare ne da baƙo yake sauka yau ya tashi gobe. Wanda zai yi hukunci da wannan lamba ya kamata ya taɓa zama kusa da mai ƙirga ta, ko sau ɗaya.

Mu koma ga tambayar dattijon ta uku, wadda ta fi sauran nauyi: irin ɗakinmu suke kwana? Abin alfaharin Gana a fagen mayar da bincike manufa shi ne tsarin CHPS, wato kai nas ta zauna cikin jama'a tana bin gida-gida, kuma yadda aka yi shi ya cancanci a tsaya a kai. A tsakiyar shekarun 1990 aka raba yankin Navrongo gida huɗu. Wani ɓangare aka kai nas ta zauna a cikin ƙauye tana bin gida-gida. Wani aka dogara da 'yan sa-kai da sarakuna da taron gari. Wani aka haɗa biyun, wani kuma aka bar shi yadda yake. Inda nas ta zauna cikin mutane, mutuwar yara ta faɗi ƙwarai. Inda aka bar 'yan sa-kai su kaɗai, ba a ga wannan riba ba. Da sakamakon ya fito, masu shakka suka ce, kuma da gaskiyarsu, Navrongo wurin bincike ne, akwai kuɗin waje da motoci da masana, gundumar da ba ta da ko ɗaya fa? Sai gundumar Nkwanta, ƙarƙashin Dokta Koku Awoonor-Williams, ta ɗauki tsarin a ƙarshen shekarun 1990 ta gwada da abin da ke hannunta, ya kuma yi aiki. Daga nan aka mayar da shi manufar ƙasa, ma'aikatan wasu gundumomi suna zuwa Nkwanta su gani da idonsu. Wannan mataki na biyu, gwaji a wurin da ba a shirya don gwaji ba, shi ne ake yawan tsallakewa.

Duk da haka, da aka zo faɗaɗawa, a wurare da yawa hankali ya koma kan gini. Gini ana iya yanke masa kirtani a ɗauki hoto, bin gida-gida ba a iya yi masa haka. Nas ta zauna a ɗaki tana jiran marasa lafiya, alhali abin da binciken ya auna shi ne fitarta. An ɗauki kwanon an bar tuwon. Gane wane ɓangare na shiri ne yake aikin, wane ne ado, yana buƙatar a karanta binciken kansa, taƙaitawar shafi ɗaya ba ta isa ba.

Kawo tsarin cikin zango kuma wata magana ce. A ƙauyen Kasena sarki ɗaya ne, idan ya yi kira kowa ya ji, kuma nas ta san a wane lokaci za ta sami uwa a gida. A Nima gida ɗaya yana iya ɗaukar iyali goma, Bahaushe da Bazabarme da Kotokoli da Dagomba da Mosi, kowa da sarkinsa. Da hantsi matan suna kasuwa ko bakin titi da tukunyar koko da wake. Asibiti ba shi da nisa, abin da ke hana zuwa shi ne layi da kuɗi da asarar cinikin yini. Cututtukan ma sun sauya, hawan jini da ciwon sukari sun shigo sahun gaba. Tambayar da Navrongo ta amsa ita ce yadda za a kai magani ga wanda ke nesa da shi. Tambayar zango ita ce yadda za a kai shi ga wanda ke kusa amma ba shi da sarari. Haka maganin rigakafin maleriya na damina da ake ba yara a arewa tun 2015: yana aiki ne inda cutar take taruwa a 'yan watanni, ba a kwaso shi zuwa wurin da sauro ke cizo kusan duk shekara don kawai ya yi nasara a garin Wa da ke arewa.

Akwai kuma inda hujja take daidai, aiwatarwa ta ɓata ta. A farkon shekarun 2000 bincike ya tabbatar cewa kulorokwin ya daina kashe ƙwayar maleriya yadda ya kamata, aka yanke a koma haɗin atesunet da amodiyakwin. Hukuncin daidai ne. Amma a ƙarshen 2005 mutane suka yi ta kukan maganin yana galabaitar da su, aka gano akwai wasu nau'o'i a kasuwa masu ƙarfi fiye da kima, har aka janye su. Sunan maganin ya ɓaci, kuma dattawanmu da yawa sun daɗe suna gudunsa. Wanda ya karanta binciken ya san wane magani ne ke aiki. Ana bukatar wani kuma a teburin da zai tambayi wa zai sarrafa shi, da wane ƙarfi, mai kemis ya san awon yaro da na babba, wa za a kai wa ƙara idan ya yi illa.

'Yan Kumasi ba sa bukatar a tuna musu da gwajin inshorar lafiya na 2012. An ce kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, hukumar inshora ta riƙa biyan asibitin kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum, ko ya zo ko bai zo ba. A takarda yana da hujja, wasu ƙasashe suna yin haka don rage ɓarnar kuɗi. Amma masu asibiti suka ce kuɗin ya yi kaɗan, jama'a ba su fahimci abin ba, kuma an zaɓi yankin Ashanti, matattarar jam'iyyar da ke adawa a lokacin, ya zama wurin gwaji shi kaɗai. Nan da nan magana ta tashi daga lissafi ta koma "don me sai mu?" A 2017, bayan mulki ya sauya, aka dakatar da shi. Ko tsarin yana da kyau ko ba shi da shi, gwajin bai sami sararin ba da amsa mai tsabta ba, domin siyasa ta riga ta shiga cikin awon. Duk ɗan kasuwar Kejetia ta Kumasi zai iya gaya musu haka tun kafin a fara, da an tambaye shi.

Irin wannan ne ya faru a Hohoe a 2015, da aka shirya gwajin rigakafin Ebola. Labari ya riga bayani isa gari, aka ce za a sa wa mutane cutar ne a ba su wayar hannu, majalisa ta ɗauki zafi, ministan lafiya ya dakatar da shirin. Masanan suna da amsoshi, sai dai sun kawo su bayan tsoro ya riga ya zauna. Mu a zango mun san yadda wannan yake. Magana ɗaya daga liman bayan sallar asuba, ko daga magajiya a wurin suna, ta fi takarda ɗari. Amma kuskure ne a ɗauki liman a matsayin lasifika, a zo masa da hukuncin da aka gama a ce ya sanar. A zo masa tun ana tsarawa, domin shi ya san ba a kiran mata taro ranar Laraba a Nima, ranar kasuwa ce, ya san abin da za a tambaya game da allura a watan azumi, ya san wane gida ne idan ya ƙi sauran za su ƙi. Wannan ma hujja ce, ko da ba a buga ta a mujalla ba.

Lokacin korona ya nuna wata fuskar. An sami mutum biyu na farko ranar 12 ga Maris 2020, aka rufe Ankara da Kumasi ranar 30 ga wata, babu wanda ke da cikakken sani a duniya kaf. A irin wannan hali ba a jiran gwajin ƙuri'a. Noguchi da KCCR suka yi dabarar haɗa samfurin mutane da yawa a gwada lokaci ɗaya, idan ya nuna cuta sannan a bi su ɗaya-ɗaya, abin da ya sa kayan gwaji kaɗan suka yi aiki mai yawa. Amma umarnin "kowa ya zauna a gida" an rubuta shi ne da tunanin gida mai famfo da bayan gida da firji. A unguwar da mutum sai ya fita ya bi layin bayan gida na kuɗi, ya sayi ruwa a bokiti, kuma abincin dare yana cikin cinikin rana, umarnin ba ya zaunuwa. Bayan mako uku aka ɗage shi. Har yau ana gardama ko an yi gaggawa, ni dai abin da na ɗauka shi ne lissafin yaɗuwar cuta ɗaya ne daga cikin lissafai, yunwa ma tana da nata, kuma ba masanin ƙwayar cuta ne zai kawo shi teburi ba.

Wani lokaci kuma ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba sam. A 2014 kwalara ta kama mutum kusan 29,000 a ƙasar nan, ta kashe 243, mafi yawansu a Ankara. Tun 1854 John Snow ya nuna a Landan cewa ruwa mai ƙazanta ne ke kawo ta. Babu wani sabon bincike da babbar kwatar Nima take jira. Matsalar ita ce ruwa da shara da bayan gida suna hannun wasu ma'aikatu da majalisun gunduma, gawa da mara lafiya kuma suna hannun ma'aikatar lafiya. Idan aka ce "a kafa kwamiti a yi nazari" a kan abin da aka sani shekara ɗari da saba'in, to an mayar da bincike wurin ɓuya. Gane wannan, da iya faɗinsa a gaban manya ba tare da an rufe maka ƙofa ba, shi ma yana cikin aikin.

Sauran abubuwan sanannu ne, ba sai na ja su ba. Minista ba zai karanta shafi tamanin ba, a rubuta masa biyu, da kuɗin da abin zai ci da abin da za a bari idan an yi shi. Kasafin kuɗi galibi a Nuwamba ake kai shi majalisa, hujjar da ta iso a Disamba sai ta jira shekara. Kuma a tambayi la'ada. Dillalin kirki ba ya ɓoye wanda ke biyansa. Yawancin kuɗin binciken lafiya a ƙasar nan daga waje yake zuwa, wanda ya biya kuwa shi ke zaɓen tambaya. Wannan bai sa amsar ta zama ƙarya ba, amma yana bayyana dalilin da ya sa wasu cututtuka suke da tarin takardu, hawan jinin da ke kwantar da iyayenmu a zango kuma nasa ba su kai haka ba. Wanzami ba ya son jarfa, masana ma ba su cika son a tambaye su wannan ba, amma tambaya ce halal.

Abin da ya fi damuna a ɓangarenmu shi ne ƙididdigar ƙasa ba ta da layin da aka rubuta "zango". Ana ba da lambar Babbar Ankara a dunƙule, Nima da East Legon, unguwar masu hali, a tukunya ɗaya, sai matsakaicin ya fito da kyau, unguwar da ke shan wuya ta ɓace a ciki. An kafa asusun raya zango a 2017, amma mai neman kuɗin magudanar ruwa ko asibiti a kowace hukuma, idan ya je da koke kaɗai, wanda ya je da lamba zai riga shi. Muna tura 'ya'yanmu karatun likita da nas, madalla. Makarantun lafiyar al'umma na Legon da KNUST da jami'ar kiwon lafiya ta Ho suna koyar da ilimin annoba da ƙididdiga da tattalin arzikin lafiya, kuma ɗan zangon da ya haɗa wannan da Hausa da Twi da sanin ƙofar kowane gida, shi ne dillalin da nake magana a kai.

Bayan an watse daga taron nan, na ga jami'in ya bi dattijon har bakin ƙofa, ya rage tsawo ya ce, "Baba, zan nemo amsar in kawo maka." Dattijon ya ce, "Ka same ni a masallaci bayan la'asar. Ka taho da gidan sauron guda ɗaya da ƙusa, mu je ɗakin jikokina ka nuna mini inda za a ɗaura shi."